Rikodar Marigayi da Kaset Ɗinsa: Ina Ya Dace Su Koma Bayan Rabon Gado?

Idan magidanci ya rasu aka share makoki, aka zo rabon gado, abin da idon kowa ke kai sananne ne: gida, gona, dabbobi, mota in akwai, sai tufafi da littattafai. Amma a gidaje da yawa akan tarar da wani kaso na kayan mamaci da ba a san inda za a sa shi ba. Tsohon akwatin rediyo mai jikin katako, rikoda mai cin kaset bibbiyu, wani lokaci har da garmaho da faya-fayansa, da kwalaye maƙare da kaset waɗanda ƙura ta rufe rubutun jikinsu. Malamin da ke rabo bai san kuɗin da zai yi musu ba, 'ya'ya ba su da abin yi da su tunda kowa da wayarsa a aljihu, uwargida kuma ba ta son ta ga an watsar. Daga ƙarshe sai a tura su sito su yi shekaru, ranar da aka tashi gyaran gida a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli. Ra'ayina shi ne wannan kaya bai kamata a yanke masa hukunci da nauyin ƙarfensa ba, haka kuma ƙaunar mamaci kaɗai ba ta isa dalilin tsare shi a ɗaki ba. Ma'aunin da ya dace guda ne: wa zai iya raya na'urar, ya yi aiki da ita wajen ceto muryoyin da ke cikin kaset da faifai? Domin a yau na'urar da ke aiki ta fi kaset ɗin wuyar samu.

Kafin a gane nauyin wannan magana, sai an tuna yadda kayan suka shigo da abin da suka ɗauko. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a Amurka a 1877, bayan shekara goma Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai. A 1948 kamfanin Columbia ya fitar da faifai mai daɗewa yana waƙa, a 1963 kuma kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da ƙaramin kaset da muka sani, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. A ƙasar Hausa, rediyo mai waya ya fara magana a Kano a 1944, Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna ya kafu a 1962. Garmaho ya kai waƙoƙin Mamman Shata da ire-irensa gidajen masu hali, amma kaset ne ya sauya komai, saboda shi ne ya fara bai wa talaka damar naɗa da kansa, ba sauraro kawai ba. Da shi aka naɗi tafsirin azumi a masallatan unguwa, da karatun zaure, da wa'azin kasuwa, da waƙoƙin fada ranar hawan salla, da kiɗan biki, da taron siyasa na Jamhuriya ta Biyu. Da shi ne kuma waɗanda ba su iya rubutu ba suke aika saƙon baka ga 'yan uwa a Makka, Sudan ko Kumasi. Mafi yawan wannan bai taɓa shiga wani kamfani ba. Kwafi ɗaya ne, kuma yana cikin kwalin da magada ke shirin zubarwa.

Zaren kaset siririyar leda ce da aka shafe da garin ƙarfe, aka riƙe garin da wani irin manne. Lokacin naɗa, kan rikoda yana juya sauti ya zama ƙarfin maganaɗisu, ya jera ƙwayoyin garin bisa tsarin muryar. Lokacin saurare kuma kan yana karanta jerin ya mayar da shi sauti. Raunin abin yana wurin mannen. Yana shan danshin iska a hankali har ya ruɓe, zaren ya yi danƙo, garin ya riƙa zuba a kan rikoda, kuma duk inda gari ya zube murya ta tafi ke nan. Wannan cuta ta fi kama manyan zaruruwan gidajen rediyo na shekarun 1970 da 1980. Ƙwararru kan gasa irin wannan zare a tanda ta musamman, a zafin da bai wuce maki 50 da 'yan kai ba, don ya daure a kwafe shi, amma magani ne na ɗan lokaci, kuma ba aikin da za a gwada a madafi ba ne. Yanayinmu yana ƙara wa abin gudu. Ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu yana miƙar da zare ya lanƙwasa faifai, damina na kawo fumfuna, hunturu na cusa ƙura. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wanda aka yi da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya, yana fashewa da ƙaramar faɗuwa, kuma sinadarin goge-goge mai barasa yana narkar da shi.

Duk da haka, masana adana sauti sun daɗe da gane cewa na'urar za ta riga zaren mutuwa. A cikin kowace rikoda akwai bel ɗin roba da ke juya zare, wanda shekaru ke mayarwa kamar kwalta. Akwai 'yar tayar roba da ke matse zare, wadda ke ƙandarewa. Akwai kan da ke karatu, wanda ke sudewa da yawan aiki. Masana'antun da ke yin waɗannan sassa sun rufe ko sun koma wata sana'ar. Kamfanin Studer na Suwizalan, wanda injinansa suka cika ɗakunan naɗar sauti na duniya, ya daina ƙera injin zare tuntuni, 'yan kaɗan ɗin da wasu ke ƙerawa yau kuma na masu hannu da shuni ne. Sababbin ƙananan rikodoji masu araha da ake gani a kasuwa injinsu bai kai na da inganci ba, sukan ja zare ba daidai ba ko su tauna shi. A ɓangaren bidiyo ma, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kallon kaset, ya tsaya a 2016, abin da ya shafi fina-finan Hausa na farko kai tsaye. Shi ya sa taskar fina-finai da sauti ta ƙasar Ostareliya ta yi shela a 2015 cewa zaren da ba a kwafe ba zuwa 2025 yana cikin haɗarin salwanta, kuma a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar taskokin sauti ta duniya suka yi irin wannan gargaɗi. Wannan wa'adi ya riga ya cika. Kaset ɗaki ne a kulle, rikoda ce mabuɗinsa, kuma maƙeran da ke ƙera mabuɗin sun tashi.

Saboda haka hakkin farko da ke kan magada shi ne kada su lalata abin da hannunsu cikin ɗoki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona tsohuwar na'ura a wuta don a ga ko tana aiki. A cikinta akwai ƙananan sassa masu tara wuta da ake kira kafasita, waɗanda ruwan cikinsu ke bushewa idan sun daɗe a ajiye. Wuta na shiga sai su fashe ko su ƙona taransifoma, wadda ita ce sashen da ya fi wuyar samu. Tsofaffin rediyo masu kwalaben gilashi a ciki suna aiki da wuta mai ƙarfin ɗaruruwa, wasunsu ma ƙarfen jikinsu kan ɗauki wuta, don haka taɓa cikinsu na iya kisa. Na'urar da aka sayo daga Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta kashe ta. Abin da ya dace shi ne a cire tsofaffin batura, a share ƙura da busasshen ƙyalle, a rubuta sunan kamfani da lambar samfurin da ke bayanta, a ɗauki hoto, a nemo mai gyaran da ya san irinta. Haka kuma kada a gwada rikodar da ba a tabbatar da lafiyarta ba da kaset mai daraja. A ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman kaset don kada wani ya naɗi wani abu a kansa bisa kuskure, a jera faya-fayai a tsaye a inuwa, kada kuma a ɗora allurar ƙarfe ta garmaho a kan faifai mai juyi 33 ko 45, domin za ta kankare layukansa. Sama da komai, kada a raba na'ura da kaset ɗinta kafin a san abin da ke ciki.

Mai musu zai ce duk wannan wahala ce ta banza, tunda waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos suna cikin waya, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da karatun Sheikh Nasiru Kabara ma ana tura su ta WhatsApp. Akwai gaskiya a nan, kuma ya kamata a karɓe ta: kaset ɗin kamfani da aka buga dubbai, wanda kowa ke da shi, ba abin tayar da hankali ba ne. Amma duk abin da ke cikin waya yau, wani ne ya zauna da rikoda mai aiki ya kwafe shi, kuma an kwafi waɗanda suka yi suna ne saboda suna da masu nema. Limamin ƙauye da ya shekara talatin yana tafsiri, makaɗin noma da bai taɓa zuwa birni ba, tsohuwar da aka naɗi tatsuniyarta ko waƙar niƙanta, dattijon da ya ba da tarihin kafuwar garinsu, waɗannan ba wanda ya kwafe su. Ko a cikin fitattun ma, Shata ya rasu a 1999 bayan ya yi waƙoƙi masu ɗimbin yawa, da dama a wurin biki ko gaban wanda ya yi wa, inda rikodar wani mahalarci ce kaɗai shaida. Sannan kwafin da ke yawo a waya an matse shi sau da yawa har ya rasa kaifinsa, sau tari ba sunan wuri ba shekara. Kaset na asali, da rubutun hannun mai shi a jiki, shi ne ke gaya wa mai bincike yaushe aka yi abu da kuma inda aka yi shi.

Akwai misalai da ke nuna abin da kaset ɗaya ko inji ɗaya mai aiki kan haifar. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan, wato wani irin piyanon lantarki, a gidan rediyon ƙasar Nijar, aka fitar da shi a kaset 'yan ƙalilan. Shekaru fiye da talatin bayan haka wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kwafi a wata ma'adana a Yamai, aka sake buga shi a 2013, har makaɗin ya je Turai yana wasa da tsufansa. A ƙasar Gini kuwa, wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, ya yi aiki daga 2008 zuwa 2013 da tallafin shirin ceto taskoki na babban ɗakin karatu na Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi sama da 9,000 daga zaruruwan gidan rediyon ƙasar da ke Konakiri. Ba don an samu injin da zai juya waɗannan zaruruwa ba, da tarihin kiɗan ƙasa guda ya ruɓe a kan kanta. Darasin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye, domin gidajen rediyonmu da jami'o'inmu suna da irin wannan tari, kuma injinan da za su karanta shi suna raguwa kowace shekara, alhali wasu masu lafiya suna kwance a sito a gidajen mutane.

Musu na biyu ya fi nauyi, domin ya taɓa shari'a da talauci. Kayan mamaci dukiyar magada ce, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, kuma ba wanda ke da ikon kyautar da rabon maraya ko da da kyakkyawar niyya. Iyalin da ke neman abin kai wa baki ba za a ce musu su yi kyauta da abin da zai kawo kuɗi ba. Ban ga saɓani tsakanin wannan da abin da nake kira gare shi ba, hasali ma hakkin magada ne ke wajabta a yi bincike. Wanda ya sayar da na'ura a kilo ba tare da ya tambayi darajarta ba, shi ne ya tauye maraya. Yawancin ƙananan rediyo da rikodoji ba su da wani kuɗi a kasuwa, wannan gaskiya ne, amma wasu suna da shi: na'urar juya faifai ta Technics SL-1200 da aka fara ƙerawa a 1972, injinan zare na Revox, rikodojin Nakamichi, da wasu amfilifayoyin Marantz da Sansui, duk ana nemansu. Kasuwar faifai ma ta farfaɗo, har a 2022 faifan da aka sayar a Amurka ya zarce na CD yawa, karo na farko tun 1987, kuma masu tara faya-fayan Nijeriya na shekarun 1970 suna biyan kuɗi mai kauri a kan waɗanda suka yi ƙaranci. Hanyar da malamai suka saba bi a kan abin da ba ya rabuwa ita ce mafita: a yi masa kuɗi bayan an ji ta bakin mutum biyu ko uku da suka san kayan, wani magaji ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya biya sauran, daga nan in ya so ya sayar, in ya so ya yi waƙafi da shi. Sharaɗi ɗaya kawai nake ƙarawa, a kwafe muryoyin kafin na'urar ta bar gida.

Ɗan gwangwan yana da gurbinsa, sana'arsa halal ce kuma tana rage shara, amma gurbinsa na ƙarshe ne, ba na farko ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani kaso na sauran yakan ƙare ne a wurare irin Agbogbloshie ta birnin Akara, inda matasa, da yawansu daga arewacin Gana, suka yi shekaru suna ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021. Tsofaffin na'urori cike suke da dalma a wuraren da aka liƙa sassansu, robar wayoyinsu kuma tana fitar da hayaƙi mai guba idan ta ƙone. Mutanen arewacin Nijeriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan illar dalma, bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinariya mai ɗauke da ita ta kashe ɗaruruwan yara. Idan aka farfasa rikoda, abin da za a samu ɗan jan ƙarfe ne da bai taka kara ya karya ba, abin da za a rasa kuwa kan karatu ne da moto da ba a ƙara ƙera irinsu.

To ina ne sabon gidan da ya dace? Amsar tana bin yanayin na'urar. Wadda ke da lafiya kuma mai inganci, musamman injin babban zare ko rikodar ƙwararru, wurin da ta fi amfani shi ne inda ake da tarin zare ana neman abin karanta shi: gidajen rediyo na jihohi da na tarayya, Gidan Arewa da ke Kaduna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo, ko cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka ta CELHTO da ke Yamai. Wadda ba ta aiki amma tana da siffa da tarihi, kamar garmaho mai ƙaho ko rediyon da aka san wani basarake ko malami ya yi amfani da shi, gidan tarihi ya fi dacewa da ita, irin Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, tare da takardar da ke bayanin mai ita da zamaninta, domin kayan tarihi da ba labari rabin darajarsa ta tafi. A Gana, marigayi Kwame Sarpong ya kafa gidan adana faya-fayan garmaho a Cape Coast a 1994, abin da ke nuna cewa ko mutum ɗaya mai himma na iya zama irin wannan gida. Wadda ta mutu murus kuma, a kai ta wa tsohon mai gyaran rediyo. Waɗannan dattawa suna ƙarewa, yaransu sun koma gyaran waya, kuma matacciyar na'ura a hannunsu ita ce ke raya wasu uku ko huɗu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Musu na uku shi ne wanda na fi ji da shi: me ya sa za a miƙa amana ga hukumomin da su ma nasu kayan ke lalacewa, inda ba wuta, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba kasafin kuɗi? Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba a ƙasashenmu kaɗai ba. Gobarar da ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil a 2018 ta tafi da muryoyin harsunan asali da aka naɗa, wasunsu ba sauran masu magana da su. A 2023 masu kutse sun durƙusar da kwamfutocin babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka daɗe ba a iya kaiwa ga taskarsa ta intanet ba. Amma abin da wannan ke koyarwa shi ne kada a dogara da wuri ɗaya, ba wai a bar kaya a sito ba, domin sito ma yana da gara da yoyo da gobara. Mai bayarwa yana da damar sa sharaɗi. Ya tambayi wanda zai karɓa: akwai ma'aikacin da ya iya aiki da na'urar, akwai mai gyara, ina za a ajiye ta? A rubuta yarjejeniya da sa hannun shaidu, a lissafa abin da aka bayar, a ambata cewa iyali za su karɓi kwafin duk abin da aka kwafe. In zuciya ba ta kwanta ba, a bayar aro na shekara biyu ko uku maimakon kyauta. Hukumar da ta kasa amsa waɗannan tambayoyi ta nuna cewa ba ita ce gidan ba, sai a nemi wata, ko wani mai sha'awa da aka san yana kwafa yana rabawa jama'a.

Kwafar kanta ba ta fi ƙarfin iyali ba in an samu rikoda mai lafiya. Ana haɗa ta da kwamfuta ta waya, a naɗa da manhaja irin Audacity wadda kyauta ce. Abin da take ci shi ne lokaci, domin kaset na awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya, ba gajeriyar hanya. A adana kwafin asali a tsarin WAV wanda ba a matse ba, a yi ƙaramin kwafi na MP3 don turawa 'yan uwa, a ɗauki hoton rubutun jikin kaset, a sa wa kowane fayil suna da shekara da wurin da aka naɗa tun dattawan da suka san muryoyin suna raye. A ajiye kwafi a wurare uku dabam, ɗaya a wani gari, kuma kada a zubar da kaset ɗin bayan an kwafe. A nan ne kuma ya kamata a yi hattara da abu biyu. Na farko sirri: saƙon da miji ya aiko wa matarsa daga aikin hajji ko maganar rikicin dangi ba abin sawa a Facebook ba ne, kuma iyali ne za su tace kafin a bai wa kowace hukuma. Na biyu hakkin mai fasaha: mallakar faifai ba mallakar waƙar ba ce, don haka wanda zai buga ya sayar sai ya nemi mawaƙin ko magadansa. Ga kuma ma'aunin da za a auna mai saye daga ƙasar waje da shi. Sayar masa da na'ura ba laifi, amma muryar da ba ta da kwafi kada ta tsallaka teku sai an bar kwafinta a gida.

Saura masu cewa ba za su iya rabuwa da rediyon mahaifinsu ba, domin da shi yake jin labaran asuba har ya koma ga Allah. Wannan ƙauna abin girmamawa ce, kuma in akwai ɗa ko jika da zai riƙe na'urar da gaske, ya kai ta gyara, ya riƙa kunna ta lokaci-lokaci don kada robobinta su ƙandare, to gidan marigayi shi ne gidan da ya fi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne riƙon da ba kulawa a cikinsa, inda ake hana wanda zai amfana a kuma bar abin ya ruɓe. Idan cikin kwalin akwai karatun wani malami da ba a samunsa a ko'ina, fitar da shi ga ɗalibai ya fi zama alheri ga mamaci a kan ɓoye shi, domin ilimi mai amfani yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa.

Aikin bai tsaya kan magada kaɗai ba. Malamai da alƙalan da ke rabon gado su ne suka fi kowa ganin waɗannan kaya, kuma kalma ɗaya daga bakinsu, cewa a tsaya a bincika kafin a zubar, za ta ceci abu mai yawa. Gidajen rediyo, waɗanda har yau su ne suka fi kaiwa ga kunnen Bahaushe, suna iya yin sanarwa cewa suna karɓar tsofaffin injina da kaset, su ware ɗaki ɗaya da ma'aikaci ɗaya don kwafa, kuma ranar 27 ga Oktoba da UNESCO ta keɓe don tunawa da gadon sauti da hoto dama ce ta fara hakan. Kwalejojin fasaha suna iya ɗauko tsofaffin masu gyaran rediyo su koyar da matasa kaɗan kafin ilimin ya bi su kabari. Jami'o'i kuma suna iya sa ɗaliban Hausa da na tarihi su kwafe su kuma rubuta bayanin kaset ɗin garuruwansu a matsayin aikin kammala karatu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin da ya fi ƙarfin jiha ko jami'a. Abin da ba a da shi shi ne lokaci, domin kowace damina tana cin zare, kowace shekara tana rage injina da masu gyaransu, kuma muryar da ta goge ba kuɗin da zai dawo da ita.